Yadda za ka taimaki malaman makarantarku su koyar da waya, ko babu wuta ko babu sabis

A wata makaranta da na taɓa koyarwa, an kawo mana kwali guda na ƙananan kwamfutocin hannu. Aka yi taro, aka ɗauki hotuna, baƙi suka kama hanya. Hedimasta ya ji tsoron kada a sace ko a fasa a ce shi zai biya, sai ya kulle kwalin a kabad ɗin ofis. Har yau ban ga laifinsa ba, domin babu wanda ya gaya masa wa zai riƙa caji, wa zai gyara in sun lalace, wane darasi ma za a koyar da su. Ranar da aka buɗe kwalin bayan zango biyu, batiran wasu sun kumbura. Duk tsawon lokacin nan kuwa yawancinmu muna shiga aji da babbar waya a aljihu ko a jaka, ba mu taɓa kawo wa ranmu cewa kayan aiki ce ba.

Wannan bayani na wanda nauyin ya faɗo a kansa ne: hedimasta, ko jami'in da ƙaramar hukuma ke turowa duba koyarwa, ko kuma malamin nan da kowa ke miƙa wa waya idan ta ƙi yin abin da ake so. Na ɗauka ajin da ake magana a kai irin namu ne, yara saba'in ko tamanin, allo da alli, wuta sai ranar da aka ga dama, waya kuma guda ɗaya tak, ta malami.

Mataki na farko: tambayi darasin da ke ba malami wahala

Kada ka fara da tara malamai ka ce za ka koya musu manhaja. Bi su ɗaya bayan ɗaya lokacin tara, ka zauna, ka yi tambaya guda: wane darasi ne duk shekara idan ka zo kansa yara ba sa ganewa? Za ka ji amsoshi na gaske. Malamar aji ɗaya za ta ce sautin haruffan Turanci, ita kanta ba ta da tabbacin tana furta wasu daidai. Malamin kimiyya zai ce yadda jini ke zagaya jiki, ko yadda dare da rana ke faruwa, ya zana a allo ya gaji yara suna kallonsa kawai. Malamar Hausa za ta ce littafin karatu uku gare ta, yara kuma aji ya cika maƙil.

Rubuta abin da kowa ya faɗa. Da wannan takardar za ka yi aiki zangon nan gaba ɗaya. Malami ɗaya, matsala ɗaya, kayan aiki ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma wanda ka ɗora wa manhaja biyar a mako guda ba zai buɗe ko ɗaya ba.

A wannan zaman ne kuma za ka nemi izinin duba wayar. Abu uku kake nema: sauran wuri nawa ne a ma'ajiyarta, awa nawa batirin ke yi, gilashin kuma yana ganuwa ko ya tsattsage. Yawancin abin da za ka tarar Tecno ne da Itel da Infinix, kuma sun isa. Wanda ke riƙe da ƙaramar waya mai madannai kada ka tsallake shi. Muddin tana karɓar memori tana da Bluetooth, za ta kunna murya, murya kuwa ita ce rabin aikin, kamar yadda za ka gani.

Mataki na biyu: a yi magana da masu makaranta

Wannan ba ya ɗaukar lokaci, amma wanda ya tsallake shi zai dawo kansa. Uba ya leƙo ta taga ya ga malami riƙe da waya a tsakiyar darasi, abin da zai kai gida shi ne malaman nan chatin suke yi. Saboda haka a sanar da kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, da ƙungiyar iyaye, a nuna musu darasi ɗaya da idonsu, a kuma faɗa musu a fili cewa ba a ce yaro ya zo da waya ba. Damuwar iyaye tana da tushe. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi ya nuna kusan ƙasa ɗaya cikin huɗu ta kafa doka ko tsari na hana waya a makaranta, saboda yadda take ɗauke hankalin ɗalibai. Abin da muke yi dabam ne: waya a hannun malami, na mintuna ƙidayayyu, don abin da aka shirya tun jiya.

Mataki na uku: gyara wayar ta zama ta aiki

A nan ka zauna da kowane malami kamar minti talatin, kuma wayar ta kasance a hannunsa, ba naka ba. Wannan na sha nanatawa. Idan ka karɓa ka latsa masa, gobe ma sai ya nemo ka. Ka faɗa, shi ya taɓa, ko da zai ɗauki ninki uku na lokacin.

Ku fara da share wuri. Kusan kullum WhatsApp ne ya cinye ma'ajiyar, bidiyon biki da na wa'azi da na barkwanci da aka turo a zauruka, wasu sau uku-uku. A cikin saitin WhatsApp akwai sashen ma'ajiya da data. Nan za a ga manyan fayiloli a goge waɗanda ba a so, nan ne kuma za a kashe saukar hoto da bidiyo da kansu. Wannan kaɗai yana rage wa malami kuɗin data, kuma da yawa daga nan suke fara yarda da kai. Shi zai zaɓi abin da za a goge, kai ka kawar da kai, waya sirrin mai ita ce.

Sai a buɗe folda guda a sa mata suna Makaranta, a cikinta folda ga kowane aji ko darasi. Kowane fayil a sauya masa suna ya zama abin da mutum zai gane da kallo ɗaya, kamar "Aji4 Kimiyya Mako3 Zuciya". Na ga malami ya tsaya gaban yara yana ta jan hotuna sama yana neman bidiyo a tsakanin hotunan suna, kafin ya samu ajin ya kaure da surutu, rabin lokacin ya tafi. In da hali a sayi memori a keɓe shi don wannan folda.

Na uku, allon rubutu na Hausa. A Gboard, wato manhajar Google ta madannan rubutu a waya, a shiga wajen harsuna a ƙara Hausa. Daga nan ɓ da ɗ da ƙ za su samu, ko a fili ko ta danne harafin a riƙe. Kada a raina wannan. Malamin da ke tura wa 'yan'uwansa tambayoyin jarrabawa yana rubuta kafa a wurin ƙafa, kasa a wurin ƙasa, haka za a buga su a takarda, haka yara za su kwafa.

Sai maganar wuta. A cika waya da daddare ko a wurin mai caji, a rage hasken gilashi sai lokacin nunawa. Idan za a sayi fawabank, a san cewa lambar da ke jikinsa ba ita ce ke isa waya ba. Mai 10,000 mAh abin da yake bayarwa bai fi 6,000 zuwa 7,000 ba, wato wayar da batirinta 5,000 ne zai cika ta sau ɗaya da ɗan ƙari. Ƙaramin faifan sola a rufin ofis ya fi komai kwanciyar hankali ga makarantar da ta iya.

Idan kuɗin abu ɗaya kawai makaranta ke da shi, shawarata a sayi lasifika mai caji mai Bluetooth, wadda ke da ramin memori. Kada a fara da majigi. Ƙananan majigin nan masu araha sai ɗaki ya yi duhu suke nunawa, ajinmu kuwa tagogi a buɗe suke saboda zafi, wasu ma babu murafe. Ƙari a kan haka, yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi ba sa tura hoto ta igiyar caji, sai an nemo wata na'urar. Lasifika kuwa yaron da ke bencin ƙarshe yana jin ta kamar na gaba. Kafin a biya, a kunna ta a tsaya nesa kamar tsawon aji a saurari muryar mutum, ba kiɗa ba.

Mataki na huɗu: mutum ɗaya ya sauke, kowa ya samu

Babu dalilin da zai sa malamai goma su ƙona data kan bidiyo guda. A zaɓi mutum ɗaya duk mako, a haɗa masa kuɗin, ya sauke inda sabis ke da ƙarfi ko da datar dare mai rahusa. Tun 2023 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta daidaita lambobin kamfanonin layi: *312# don sayen data, *323# don duba abin da ya rage, a kowane layi. Da safe a raba wa sauran ta Xender ko Quick Share ko Bluetooth, waɗanda ba sa cin ko sisin data.

Ina za a samo kayan? Ga waɗanda na san amfaninsu.

Don karatu, African Storybook, wanda cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ke gudanarwa, yana da labaran yara masu hotuna da harsunan Afirka, har da Hausa, an kasa su mataki-mataki daga na mai fara haɗa baƙi zuwa na wanda ya iya. StoryWeaver na Pratham Books da ke Indiya da kuma Bloom Reader na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL su ma suna da na Hausa. Kyauta ne, an kuma yarda a sauke a buga. Amma malamar Hausa ta karanta kowane labari kafin ya shiga aji, domin wasu fassara ce, akan samu kuskuren rubutu ko kalmar da yaranmu ba su san ta ba.

Don darussan manhajar karatu ta ƙasa, akwai Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft. Ana yin rajista kyauta, darussan an jera su aji-aji, wasu da Hausa. Don sautin haruffan Turanci, manhajar Jolly Phonics tana furta sautuka 42 ɗin ɗaya bayan ɗaya, malama ta saurara a gida ta gyara bakinta tukuna. Kiwix yana ba ka damar ajiye Wikipedia a waya ka karanta babu intanet, har da ta Hausa. Malamin kimiyya na ƙaramar sakandare ya gwada PhET na Jami'ar Colorado da ke Amurka: ana sauke gwaji guda a matsayin fayil, a haɗa batir da igiyar wuta da ƙwan fitila a kan gilashin waya, a ga ƙwan ya kama ko ya ƙi. Malamin lissafi kuma ya gwada GeoGebra, manhajar zana siffofin lissafi.

Ban ce a sauke su duka ba. Koma kan takardar mataki na farko, ka ba kowa wanda ya dace da matsalarsa. Duk abin da aka sauke, a kashe data a buɗe shi a gani ko yana aiki, tun a gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na biyar: darasin farko, a fara da murya

Kafin malami ya taka ƙofar aji, ya ja saman gilashin waya ƙasa ya taɓa alamar jirgin sama, sannan ya sake kunna Bluetooth shi kaɗai. Wannan doka ce, ba shawara ba. Wata malama da muka yi aiki tare ta manta ranar farko. Tana tsaka da kunna labari, kira ya shigo daga gida, lasifika ta ɗauka, yara tamanin suka ji maganar da ba tasu ba. Ta yi wata guda ba ta sake yarda ta shiga aji da waya ba, kuma laifin namu ne da ba mu gaya mata ba.

Ga yadda darasin karatu na minti 35 ke tafiya a aji biyu ko uku. Daren jiya malama ta zaɓi gajeren labari, ta buɗe manhajar ɗaukar murya da ke zuwa da kowace waya, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta karanta a hankali, wayar tana nesa da bakinta kamar taƙi guda. Kada ya wuce minti uku. Ta saurara, in ta yi tuntuɓe ta sake. Da safe kafin yara su shigo ta rubuta labarin a allo da manyan baƙaƙe, ko a bayan tsohuwar kalanda.

Minti biyar na farko babu waya. Ta rubuta kalmomi huɗu masu wuya, a furta tare, ta tambayi yara me suke zaton labarin zai ƙunsa. Sai ta kunna muryar, yara suna saurare kawai. Ta sake kunnawa, wannan karon monita yana bin kalmomin allo da sanda, ita kuma tana zagayawa tsakanin benci. A nan amfanin abin yake. Da can tana tsaye gaban allo tana karantawa, na gaba kaɗai take gani. Yanzu muryarta tana gaba, ita tana baya, tana ganin yarinyar da idonta ke kan taga, da yaron da bakinsa ke motsi amma ba ya kallon allo, haddacewa kawai yake yi. Karo na uku ta riƙa tsayarwa a ƙarshen kowace jimla yara su maimaita. Daga nan ta kashe waya ta sa a jaka. Sauran minti goma sha biyar na karatu bibbiyu ne, da tambayoyi, da rubuta jimla biyu a littafi.

Ka lissafa, wayar ba ta yi aikin minti goma sha biyu ba. Haka ake so. Kuma muryar tana nan, malamar ɗaya ajin za ta karɓa, ranar da maƙogwaro ya dushe da hunturu ma darasi ba zai tsaya ba.

Bidiyo ya fi wuyar sha'ani, don gilashin waya yara shida zuwa takwas ne za su gan shi sosai. Aji mai tamanin, rukuni goma ke nan. Idan bidiyon minti ɗaya da rabi ne, zagayen zai ci minti goma sha biyar, ban da tashi da zama. Saboda haka a yanke shi ya zama gajere, a nuna abin da alli ba zai iya nunawa ba kaɗai, kamar bugun zuciya ko juyawar duniya. A kashe sautinsa in da Turancin da yara ba za su kama ba ne, malami ya yi bayanin da bakinsa. Abu mafi muhimmanci, sauran rukunai tara su kasance da aiki a hannu: zane a kwafa, ko tambaya uku a allo da za su amsa bayan sun gani. A fara zagayen daga bencin baya wata rana, daga ɓangaren 'yan mata wata rana. In ba a yi haka da gangan ba, manyan yaran gaba ne za su mamaye kullum.

Kowane darasi kuma a rubuta a gefen shirinsa abin da za a yi idan waya ta mutu. Za ta mutu wata rana.

Mataki na shida: malami ya fara haɗa nasa

Bayan mako uku ko huɗu, nuna musu cewa kyamarar da ke hannunsu ta fi duk abin da za a sauke. Malamin kimiyya ya shuka wake a gwangwanin madara, ya ɗauki hoto kowace safiya daga wuri ɗaya har kwana goma. Ranar darasi yana jan hotunan ɗaya bayan ɗaya, yara suna ganin ƙasa ta tsage, kan tsiro ya leƙo a lanƙwashe, ganye biyu sun buɗe, ga kuma gwangwanin a kan tebur. Malamin lissafi ya ɗauki hoton tiren mai tumatir kashi-kashi ya gina tambayoyin ninkawa a kai. Malamin tarihi ya je gaishe da dattijon unguwa, ya nemi izini, ya ɗauki muryarsa minti huɗu yana ba da labarin yadda aka kafa kasuwar garin. Yara sukan yi tsit idan suka ji muryar wanda suka sani tana fitowa daga lasifika.

Littafin da kwafi ɗaya ya rage a makaranta, a ɗauki hoton shafin da ake buƙata a wuri mai haske, wayar a miƙe a samansa, don malamin ɗaya ajin ya samu abin shirya darasi.

Za a tambaye ka batun ChatGPT da kuma Meta AI na cikin WhatsApp, manhajojin nan da ake yi wa tambaya su rubuto amsa, don matasan malamai sun riga sun fara. Ni ban hana ba. Suna taimakawa wajen fitar da tambayoyin gwaji ko sauƙaƙa bayani. Sai dai suna kawo ƙarya da cikakkiyar murya, Hausarsu kuma takan karkace. Duk abin da suka bayar a auna shi da littafin manhajar karatu, lissafi a sake yin sa da hannu. Aya ko hadisi ko shekarar tarihi kuwa kada a ɗauka daga gare su sam, a koma littafi.

Mataki na bakwai: ka shiga ajin, ka zauna a baya

Bitar kwana uku a babban ɗakin taro ba ta sauya yadda mutum ke koyarwa. Abin da ke sauyawa shi ne wani ya zauna a ajinsa ya gani, su yi magana bayan an tashi. Nemi izini tukuna, ka ce ka zo taya shi ne, ba duba shi ba, kuma kada ka shiga da fom. Ko ya rikice kada ka tashi ka karɓi wayar a gaban ɗalibansa. Bayan darasi ka fara da abin da ya yi kyau, ka faɗe shi takamaimai, sannan gyara guda ɗaya. Guda ɗaya kawai.

Ka kula da dattawan malamai ƙwarai. Wanda ya shekara ashirin da biyar yana koyarwa ba zai so ya yi ta lalube a gaban yaron da ya koyar ba. Same shi shi kaɗai, ka ce, "Baba Malam, muryarka muke so a labarin nan, babu wanda ya kai ka iya karatu." Gaskiya ce kuma ka faɗa. Ƙara masa girman rubutun wayar, don sau da yawa matsalar ido ce ba ta kai ba. Haɗa shi da matashin malami, wannan ya iya latsawa, wancan ya san inda yara ke tuntuɓe. Da tsohuwar zuma ake magani. Malamai mata kuma, musamman inda wayar ta gida ce ana karɓa-karɓa, a ajiye musu kayansu a memori su sa a lasifika kai tsaye, ba sai da waya ba.

Duk mako a ware minti talatin, ranar Alhamis bayan an tashi misali. Mutum ɗaya ya nuna abin da ya gwada, ya faɗi inda ya ƙi, a raba fayilolin mako mai zuwa, a watse. Idan an buɗe zauren WhatsApp, a amince tun ranar farko cewa na kayan darasi ne kaɗai, gaisuwar Juma'a da sanarwar biki a kai su ɗaya zauren.

Hotunan yara da sakamakonsu

A nan ba na sassautawa. Kada malami ya ɗora hoton ɗalibi a Facebook ko TikTok ko a status na WhatsApp ba da yardar iyayensa ba, balle bidiyon yaron da ya kasa karatu don a yi dariya. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ce sai da izinin uba ko uwa ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro. Ko babu doka, amana ce aka ba mu. Idan aikin yaro ake son nunawa, a ɗauki littafin, a rufe sunan. Kowace waya mai ɗauke da makin ɗalibai a sa mata makulli.

Makin kansa, wanda ya gaji da tara lambobi da kalkuleta a ƙarshen zango ya koyi jadawali a Google Sheets ko WPS Office: suna a layin farko, gwaji a na biyu da na uku, jarrabawa a na huɗu, a koya masa umarnin tarawa sau ɗaya ya ja shi har ƙasa. Amma rajistar takarda tana nan daram, ita ce hukuma ta sani, waya kuma ana sace ta.

Yaushe yara za su taɓa?

Za su taɓa, kuma ya kamata. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, yaron ƙauyen da bai taɓa zaɓar amsa a gilashi ba ranar zai fara, ga tsoro ga agogo na tafiya. Daga aji biyar zuwa sama a riƙa kiran rukuni-rukuni su ja igiyar wuta a PhET, ko su karanta shafi a ɗauki muryarsu su ji kansu. Yaro ya ji inda ya yi tuntuɓe da kunnensa, ya fi a gaya masa sau goma.

Kafin a miƙa wa yaro, a kunna abin da ke kafe manhaja ɗaya a gilashi. Yana cikin saitin tsaro, an rubuta App pinning ko Screen pinning, ya danganta da wayar. Idan an kafe, yaro ba zai iya fita ya shiga hotuna ko saƙonnin malami ba sai da lambar buɗewa. A riƙe takardar sunaye ana yi wa wanda ya taɓa alama, don layi ya zagayo kan kowa kafin zango ya ƙare.

Makon ƙarshe na zango

Ɗauko takardar nan ta mataki na farko, ka sake bin malamai ɗaya bayan ɗaya. Darasin da ka ce yana ba ka wahala, yaya ya kasance bana? A duba littattafan yara da makin gwajin wannan darasin, kada a tsaya kan cewa yara sun ji daɗi. Abin da bai ƙara komai ba a goge shi, ko da an sha wahalar sauke shi. Wanda ya yi amfani a gyara sunansa, a tattara na kowa a folda guda, a kwafa a memori biyu. Ɗaya a sa a ambulan a rubuta zango da shekara a ajiye tare da rajista a ofis, ɗayan ya zauna wurin malamin da aka zaɓa. Wanda aka yi wa canjin wurin aiki ya kwafi nasa ya tafi da shi, sabon da aka turo kuma ranar da ya karɓi alli da rajista a haɗa masa da foldar ajinsa.